Yadda Ake Raba Tawul da Ƙarnin Mai

Tawul ɗin da ya sha mai mayaudari ne. Za a wanke shi, a shanya, a kwaso shi daga igiya yana ƙamshin omo, a ninke a ajiye. Bayan kwana biyu, ko da zarar an goge jiƙaƙƙen hannu da shi, sai warin ya dawo. Ba ɗoyi ba ne, ba kuma tsamin kayan da ba su bushe ba. Ƙarni ne mai nauyi, irin na kaskon tuyar da aka kife ba a wanke ba. Sai uwargida ta ƙara omo, ta tsiyaya ruwan ƙamshi a ɗauraya, wata ma ta baza shi a kan kabbasa ta turara da turaren wuta. Yau ƙamshi, gobe ga turare ga ƙarni sun cakuɗe, abin ya fi na da muni.

Dalilin guda ne: man bai fita ba. Yana nan liƙe cikin zaren ko da ido bai ga tabo ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa miki a nan dabarun fitar da mai ne, ba na danne wari ba.

Abin da ke faruwa cikin zaren

Sabon man gyaɗa ba ya wari, ƙamshi ma yake yi. Iska ce take ɓata shi, zafi da haske kuma su ƙara mata sauri. A cikin kwalba fuskar man kaɗai iska take taɓawa, shi ya sa yake wata da watanni lafiya lau. Amma cokali ɗaya da tawul ya tsotse ya bazu ke nan a kan dubban 'yan zarurrukan nan masu lanƙwasa da aka saƙa don shan ruwa, iska tana ratsa shi ta kowane gefe. Sai ya fara lalacewa ta fuska biyu. Wani ɓangare ya farfashe ya zama ƙananan sinadarai masu tashi a iska, su ne hanci yake ji. Wani ɓangaren kuma ya harhaɗe ya yi kauri, shi ne danƙon nan da kike gani a bakin galan ɗin mai da bayan kasko. Wannan danƙon ne ke wahalar da mai wanki, domin sabulun da zai ɗauke sabon mai cikin minti biyu ba ya iya ɗaga shi sai da taimako. Tawul ɗin da aka wanke ranar da ya sha mai, da wanda ya yi mako biyu a kwandon wanki, ba aiki ɗaya ba ne.

Kowane mai da halinsa. Abin da muke saya a galan muna kira man gyaɗa, wani na waken suya ne, wani kuma tataccen manja ne da aka cire wa ja. Na waken suya ya fi na gyaɗa saurin lalacewa da yin danƙo. Manja ba ya saurin ɓaci, amma shi kuma barci yake yi: sai zafi ya kai wajen digiri 35 yake narkewa sosai, don haka wanda ya wanke tsumman manja da ruwan randa a cikin hunturu, daskararren mai yake ta cuɗawa. Man shanu da ƙarninsa yake zuwa tun daga ƙwarya. Mafi sharri duka shi ne man da aka soya kifi a ciki, domin kitsen kifi ya fi kowanne saurin lalacewa a iska, ga kuma ƙarnin kifin kansa.

Kafin ki taɓa ruwa

Ki ware tawul ɗin kicin daga sauran kaya. Man da ya saki a ruwan wanki ba ɓacewa yake yi ba; in sabulun bai isa ya riƙe shi ba, komawa yake ya zauna a kan duk abin da ke cikin bahon. Ta haka ne tawul ɗin wanka da bai taɓa shiga kicin ba yake wayar gari yana warin ƙosai.

Sannan ki duba irin yadin. Na auduga zalla yana jure tafasasshen ruwa da kanwa. Masu santsin nan marasa nauyi da aka yi da zaren roba kuwa, ba a tafasa su, kuma su ne suka fi riƙe mai, domin zaren roba mai yake so, ba ruwa ba. Ni a ganina irin waɗannan ba su dace da gefen murhu ba ko kaɗan. A bar su wa goge gilashi da tebur.

In man yanzu ya zube, tawul ɗin ya jiƙe sharkaf, kada ki kai shi famfo. Ki danna shi tsakanin tsofaffin takardu su tsotse abin da za su iya, sannan ki barbaɗa masa fulawa, sitaci ko tankaɗaɗɗiyar toka, ki bar shi rabin awa, ki kakkaɓe. Duk abin da gari ya ɗauke, sabulu ya huta.

Daga nan sai ruwan sabulun wanke-wanke, irin su Morning Fresh. An yi shi ne takanas don maiƙo, ya fi omo iya wannan aikin na farko. Ki zuba shi a kan busasshen tawul, inda man ya fi yawa, ki murza da yatsu har ya shige, ki bar shi kamar minti goma sha biyar. A busasshe nake cewa, domin in kika fara jiƙa yadin, ruwa ya riga ya cika zaren, sabulun ya tsinke tun bai kai ga man ba. Tsakiyar tawul da gefen da ake kamawa da hannu su ne maɓoyar mai, ko da ba su nuna ba.

Jiƙo biyu, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai zafi

Ba sai kina da ma'aunin zafi ba. Kofi ɗaya na tafasasshen ruwa a cikin kofi huɗu na ruwan famfo yana ba da kusan digiri 40, wato ɗumin da hannu zai zauna a ciki ba damuwa. Rabi tafasasshe rabi na famfo kuwa yana ba da digiri 60 da 'yan kai, wanda hannu ba zai jure ba.

Jiƙon farko na ɗumi ne, da omo. Da yawa daga omon zamani ana sa musu wasu sinadarai da ake kira enzayim, masu cinye kitse da ragowar abinci. In akwai, za ki ga an rubuta a bayan leda. Waɗannan a ruwan ɗumi suke aiki, tafasasshen ruwa kashe su yake yi. Shi ya sa masu zuba omo a cikin ruwan da aka sauke yanzu daga wuta suke asarar rabin kuɗinsu. Ki kaɗa omon ya narke, ki nutsa tawul ɗin, ki ba shi awa ɗaya. Ki cuɗa, ki matse, ki zubar da ruwan. Za ki ga ya yi fari-fari da kauri, kumfar ta mutu. Man ne ya kashe ta. In tawul ɗin na jiya ne ko shekaranjiya, sau da yawa wannan ya wadatar, sai ɗauraya.

Na biyu shi ne na tsohon ƙarni, kuma a nan ne kanwa take shigowa. Duk wadda ta taɓa ganin an zuba ruwan kanwa a cikin manja ta san abin da ke biyo baya: jan man nan take ya koma ruwan ɗorawa, ya yi kauri, ya haɗe da ruwan da da ba ya yarda da shi. Abin da take yi wa man da ke cikin zare ke nan. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, mafi yawanta gishirin soda ne, dangin garin sodar wanki da ake sayarwa a manyan kantuna. Tana mai da wani ɓangaren lalataccen man ya zama sabulu, tana sassauta danƙo, tana kuma tausasa ruwa mai nauyi.

Ki sami dunƙulen kanwa kamar girman ƙwai, ki daka, ki jiƙa a kofin ruwan zafi har ta narke. Kada ki juye gaba ɗaya. Kanwar kasuwa da yashi da ƙasa take zuwa, ki bari su kwanta a ƙasan kofin, ki tsiyaye na saman ta cikin ƙyalle. Farar kanwa ta fi dacewa da farin tawul, ja tana iya bar masa launi. Wannan ruwan ya isa bokiti mai lita 10. In sodar wanki kika samu, cokali uku na cin abinci ya isa. Ki haɗa da ruwan nan rabi-da-rabi mai zafi, ki ƙara omo kaɗan don ya riƙe man da zai saki, ki tura tawul ɗin da muciya ko sanda har ya nutse, ki rufe bokitin don kada zafin ya gudu da wuri. Ki bar shi awa uku, ko ya kwana in abin ya yi nisa. Da safe ruwan zai yi launin shayi, wani lokaci har da ɗan maiƙo yana yawo a sama. Ki cuɗa da safar hannu ta roba, ko ki ɗaure leda, domin kanwa tana busar da fata, ga mai tsagewar hannu kuma raɗaɗi ne.

Inda babu kanwa, ruwan toka yana yin aikin. Tokar itace zalla, a jiƙa ta kwana, a tsiyaye ruwan da ya kwanta. Bekin soda kuwa, wadda ake ta yayatawa a wayoyi, tana taimakawa amma ba ta da ƙarfin kanwa. Ta fi dacewa da tawul mai launi da ake tsoron ya koɗe. Kuma ba ita ce bekin fauda ta kek ba, wannan ba abin da za ta yi wa wanki.

In an yi duk wannan har yanzu akwai saura, sai dafawa. Tawul na auduga kaɗai. Ki sa shi a tukunya da ruwa da ɗan omo da ruwan kanwa, ya yi ta ɓararraka a hankali minti goma sha biyar zuwa ashirin, kina juyawa don kada ya kama. Ki kula, yana tasowa kamar zai zube. Amma kada ki yi a tukunyar alminiyam, domin kanwa da soda suna cin alminiyam, su baƙanta tukunyar, baƙin kuma ya koma kan yadin. Ki nemi tsohuwar tukunya mai fenti ko ta ƙarfen nan mara tsatsa, ki ware ta wa wannan aikin.

Ɗauraya, inda mafi yawan wanki yake lalacewa

An sha wahala an ɗago mai daga zare, yanzu yana cikin ruwa tare da sabulu. In aka tsoma tawul sau ɗaya a ruwan sanyi aka matse aka shanya, rabin man ya koma inda ya fito. Ɗaurayar farko da ruwan ɗumi za ki yi ta, don man da ya narke kada ya sake daskarewa. Sannan biyu ko uku da ruwan famfo, har sai kin matse kin ga ruwa garau, yadin kuma ya daina santsi a hannu. Na san ruwa kuɗi ne a unguwannin da ake dogara da 'yan garuwa. To gara ki rage yawan ruwan kowace ɗauraya ki ƙara yawan ɗaurayar: ruwa kaɗan sau uku, da matsewa sosai a tsakani, ya fi baho cike sau ɗaya.

Wasu rijiyoyi da burtsatse ruwansu yana da nauyi. Alamarsa sabulu ba ya kumfa da sauri, butar shayi kuma tana yin farin ɓawo a ciki. A irin wannan ruwan, sabulun sanda yana haɗuwa da ma'adinan ruwan ya zama wata dusa mai maiƙo da ke manne wa zare, ta riƙe wari, ta sa tawul ya yi tauri. Mai irin wannan ruwa ta dogara da omo, ta bar sabulun sanda wa murza tabo kawai.

A ɗaurayar ƙarshe ne khal, wato binega, yake da amfani. Rabin kofin farin khal a bokiti, a bar tawul ɗin minti goma, a matse. Ba ya narkar da mai, kada a yaudare ki. Aikinsa ya kashe ragowar kanwa da sabulu, ya narkar da dusar ruwa mai nauyi, ya kuma kwantar da ƙarnin kifi, kamar dai yadda lemon tsami yake yi a hannu bayan gyaran kifi. In babu khal, ruwan lemon tsami uku ko huɗu da aka tace ya isa. Abin da ba shi da amfani shi ne haɗa khal da soda ko kanwa a bokiti ɗaya. Kumfar da suke yi tana burge ido, amma kashe juna suke, a bar ki da ruwan gishiri.

Ruwan ƙamshin nan mai tausasa kaya kuwa, ki raba shi da tawul. Yadda yake tausasawa shi ne ya shafe zaren da wani siririn maiƙo, sai tawul ya rage shan ruwa, tsohon mai kuma ya samu rufi.

Ki shanya a rana, a baje, ba a ninke biyu a kan igiya ba. Rana tana da wata kyauta ga mai tabon manja: jan da ya rage bayan wanki, hasken rana yana cinye shi cikin yini ɗaya ko biyu. Amma rana ba ta fitar da mai. In an shanya tawul da mai a jikinsa, ƙara gasa shi take yi. Don haka kafin ki ninke, ki gwada: ki jiƙa gefe ɗaya da ruwan ɗumi, ki murza, ki sansana. Busasshen yadi yana ɓoye wari, ɗumi da laima su suke tona shi. In kin ji saura, ki maimaita jiƙon kanwa tun kafin ki sa masa dutsen guga.

Mai injin wanki ma ba ta tsira daga jiƙo ba. Ta yi murzar sabulun wanke-wanke da jiƙon a bokiti, ta ɗauraye sabulun sosai don kumfarsa tana cika inji har ta malalo, sannan ta sa a digiri 60, kaya kaɗan, ta ƙara ɗauraya ɗaya. In warin ya fara bin sauran kaya, ta leƙa cikin robar bakin ƙofar injin, nan maiƙo yake taruwa.

Abubuwan da ke kai mutum asibiti

Bilic, irin su Hypo da Jik, yana faranta yadi yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya ɗaga mai. In za ki sa, sai bayan man ya fita, a ruwan sanyi, shi kaɗai. Kada ya haɗu da khal ko lemon tsami ko ruwan wanke masai, domin haɗin yana tayar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, balle a ƙuntataccen banɗaki. Kada kuma wani ya ba ki shawarar kananzir ko fetur don sun narkar da baƙin mai a rigar makanike. Tawul ɗin da zai koma gefen wuta ne. Sodar da ake haɗa sabulu da ita ma daban take da sodar wanki. Ta haɗa sabulun tana cin fata, in an narkar da ita kuma kamar ruwan sha take a ido, yara suna ɗauka su kurɓa. Ba ta da wurin zama a wankin gida.

Akwai wani haɗarin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani. Lalacewar da mai yake yi a iska tana fitar da zafi. A tawul ɗaya da ke rataye, zafin yana tafiya da iska. Amma in aka tara tsummoki masu mai, musamman da ɗuminsu, aka cusa a kwando ko buhu, zafin ba shi da hanyar fita, sai ya yi ta taruwa har tsakiyar tarin ya kama wuta ba tare da ashana ba. Gobara irin wannan sananniya ce a gidajen abinci da otal-otal da shagunan wanki, shi ya sa kamfanonin da ke ƙera injin busar da kaya suke rubuta gargaɗi cewa kada a sa yadin da ya sha man girki a ciki. Mai tuyar ƙosai ko masa ko awara da ke tara tsummokin yini, da mai suya, su rataya su a baje, ko su jefa su a bokitin ruwan omo kafin su kwanta.

Tawul ɗin wanka

Shi ma yakan yi irin wannan warin ko bai ga kicin ba, daga man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun da man kitso. Duk waɗannan, hanyar da aka bi a sama tana fitar da su. Basilin ne ya bambanta: daga ɗanyen man fetur ake samo shi, kanwa ba ta iya mai da shi sabulu, sai dai ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, sau biyu in ta kama.

Kada kuma a rikita ƙarnin mai da tsamin damina. Tawul ɗin da ya kwana biyu bai bushe ba, ƙwayoyin bakteriya ne suke yaɗuwa a cikinsa. Wani bincike da aka wallafa daga Japan a 2012 ya ɗora mafi yawan laifin a kan wata mai suna Moraxella. Maganin wannan ruwan zafi ne da saurin bushewa. Sai dai sau da yawa su biyun tare suke tafiya, domin maiƙon da ya rage shi ne abincin ƙwayoyin.

Wani tawul ɗin kuma ya wuce gyara. In an yi masa jiƙon kanwa sau biyu, an dafa, har yanzu tsakiyarsa tana da tauri da danƙo, launinta ya koma ruwan ƙasa mai sheƙi, man ya riga ya zama fenti a jikin zaren. Omo da gawayin da za ki ƙara kashewa sun fi kuɗin sabo. Ki yanka shi ya zama na sauke tukunya. Sabon da za ki saya kuma, ki sayi ƙanana sirara na auduga guda huɗu ko biyar maimakon babba ɗaya mai kauri, don siriri ya fi saurin sakin mai da saurin bushewa. Na goge hannu daban, na goge kwanuka daban, kasko kuma a fara share shi da takarda kafin yadi ya taɓa shi. Wanda aka yi aiki da shi yau, a jefa shi a ruwan ɗumi da omo bayan an gama wanke-wanken dare, a ɗauraye da safe, a ɗauko na gaba.